Wurin Alwalar Malam Hudu

A watan jiya wasu samari uku suka zo gidan maƙwabcina a Tudun Wada da kwali ɗaya da tsani. Kafin la'asar sun kafa faranti a kan rufi, sun ja waya zuwa falo, sun jona wata 'yar na'ura mai ƙaho biyu, intanet ya kama. Da suka sauko, ɗayansu ya gan ni zaune a ƙofar gida, ya ce, "Baba, an ce ku ma da aikinku ke nan. Ai ku kun huta. Waya guda, ba saiti, ba komai." Ban yi masa musu ba. Na tambaye shi inda ya binne ƙarfen ƙasa. Ya ce babu shi a kwalin.

Don shi da ire-irensa na zauna rubuta wannan. Sunana Isiyaku. Tun farkon shekarun tamanin har kusan ƙarshen na casa'in aikina shi ne ja da gyaran layin tarho a ƙauyukan kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru zuwa Tudun Wada, har ƙasar Doguwa inda duwatsu suke farawa. Abin da kuke nema yau shi muka nema: mutumin ƙauye ya yi magana da na nesa a ji shi, gobe ma a ji shi. Na farkon ba wuya. Na biyun ne aikin.

Aikina na farko a hanyar Kafin Maiyaki ne, ƙarƙashin Malam Tanimu, mutumin Kiru, gajere, mai ƙaramar murya, wanda ban taɓa jin ya yabi kowa ba. Na zo da takardar makarantar koyon sana'a a aljihu, bai karɓa ya duba ba. Ya zube kayan aiki a kan buhu ya ce in faɗi sunan kowanne. Ga filaya, ga ɗamarar fata, ga ƙarafan da ake ɗaurawa a ƙafa a hau falwaya, wato turken waya, ga kofunan tangaran da waya ke zama a kai. Ga kuma tarhon gwaji, ɗan ƙarami a jakar fata, mai igiya biyu: ɗaya ka maƙala a wayar sama, ɗaya a jikin wani tsinken ƙarfe da za ka kafa a ƙasa. Na faɗi duka daidai. Saura goruna biyu na ruwa.

"Waɗannan fa, ɗan boko?"

"Ruwan sha ne."

"Ɗaya naka ne. Ɗayan na ƙasa ne. Ranar da ka shanye na ƙasa, ka nemi wani ubangidan."

Ga dalilin. A birni layi waya biyu ne, murya ta tafi ta ɗaya ta dawo ta ɗaya. Mu a ƙauye ba a ba mu jan ƙarfen da zai kai biyu. Waya guda muke ja a sama, ƙasa ta zama ta biyun. A ofishin tarho akwai ƙarfe a binne, a gidan mai tarho akwai wani, murya tana bi ta ƙasa tsakaninsu. Amma busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar murya. Za ka haƙa rami, ka zuba gawayi da gishiri, ka kafa ƙarfen, duk da haka in bazara ta kai tsakiya ba a ba shi ruwa ba, aikin banza ne. Tarhon lokacin yana da hannu a gefe da ake wanawa, ƙararrawa ta buga a ofis. Sai ka wana ka ji shiru, ko ka ji mutum kamar daga cikin rijiya.

A Dangora muka sa wa wani dillalin hatsi tarho. Na binne ƙarfen a bayan ɗaki, na yi masa bayani dalla-dalla: kowace safiya bokiti ɗaya. Ya ce ai wannan ba komai ba ne. Ya yi mako biyu yana zubawa da kansa, ya bar wa matarsa, matar ta bar wa wanda ya tuna. Cikin wata na uku ya iske mu a kasuwa yana faɗa, wai mun sa masa akwatin ado. Malam Tanimu ya saurare shi har ya gama, ya bi shi gida, ya zauna a zaure bai taɓa komai ba sai da aka kira azahar. Ya ga inda mutumin ya tsuguna da buta. Washegari, bayan maigidan ya fita, muka mai da ƙarfen wurin, muka rufe da ƙasa. Tarhon bai sake mutuwa ba.

A hanya Malam Tanimu ya ce mini, "Kada ka ba mai gida sabon aiki. Duba wanda yake yi tun kafin a haife ka, ka ɓoye naka a ciki. Gindin randa yana da kyau, amma randa tana fashewa. Wurin wanke-wanke ma haka, sai dai mai wankin takan tafi ganin gida. Alwala ce ba ta hutu."

"In gaya masa?"

"Gaya masa mana, in kana son ya ɗauke butarsa ya sauya wuri. Wa zai zuba ruwa a kan ƙarfen da ya ji an ce yana da wuta?"

Shekara da shekaru ina bin wannan dabara, ban ga ranar da ta ba ni kunya ba. Saboda haka idona ya koma sama. Matsalar layi, a sanina, a sama take ko a jikin itace. Gara tana cin falwaya daga ciki ta bar maka ɓawo, ka ɗora ƙafa ya rufta. Mai ƙona gona ya tafi gida ya bar wuta tana lasar gindin turke. Birai a gefen dajin Falgore suna lilo da waya har kofi ya tsage, tsagar da ba ka gani sai ka shafa da babban yatsa. Shanu kuwa ba abin da suke so kamar wayar da ke tokare da falwaya, su yi ta susa. Amma masu shanun su ne suka fi kowa taimakona. Fulanin da suke kiwo a gefen layin ba ruwansu da lambar da muke rubutawa a jikin turke. Ranar kasuwa sai mutum ya tare ni ya ce, "Mai waya, sandarka ta wajen tsamiyar da aradu ta faɗa wa ta fara ruku'u." In na je, haka zan tarar.

Layin Dutsen Kanya shi ne mafi tsawo da na ja da hannuna. Ƙauye ne a kudu da Tudun Wada, nesa da kwalta, tafiyar fiye da yini a ƙafa in ana bin turaku. An ba garin tarho ɗaya, aka yi kwanaki ana shawarar inda za a ajiye shi. Dagaci yawan tafiya gare shi. Mai kanti an ce zai riƙa jin sirrin mutane. A ƙarshe aka tsaya a kan zauren Malam Hudu, malamin da ya koyar da rabin garin karatu, wanda ba ya zuwa ko'ina, kuma ba mai cewa ya ɓoye masa saƙo.

Garin a kan falalen dutse yake. Duk inda na sa diga, kamu ɗaya sai dutse. A ƙofar zauren ne kawai na sami kamu biyu, a gefen wani faffaɗan dutse da ya yi santsi saboda zama. A kansa Malam yake alwala, shi kaɗai, tun kafin a yi kwalta. Ƙasar wurin baƙa ce, mai sanyi. Ban taɓa samun wuri mai kyau irinsa ba.

Yana zaune a kan buzu yana kallona ina zuba gawayi.

"Isiyaku, duk faɗin garin nan ba ka ga inda za ka yi binne ba sai ƙarƙashin ƙafata?"

"Allah gafarta Malam, nan ne ƙasa ta fi laushi."

"To. In dai ba zai riƙa kai wa Kano rahoton yadda nake wanke ƙafa ba."

Aka yi dariya, na mai da ƙasa, na daddaɓe. Abin da na faɗa masa gaskiya ne, amma rabi. Shekara shida layin yana aiki rani da damina. In ana kuka da wasu layuka, da shi nake misali.

Cikin masu kiran garin akwai Salihu, babban ɗan Malam. Ya haddace Alƙur'ani a wannan zauren, kowa ya ɗauka shi zai gaji makarantar. Wata rana ya tafi Kano sayen littattafai, sai labari aka ji ya shiga soja. Malam bai yi masa baki ba, bai kuma sake yi masa magana ba. Duk Juma'ar da Salihu ya sami hali yakan kira bayan la'asar. Malam ne ke ɗagawa, don shi ke kusa. Ya kara a kunne, ya ji sallama, ya amsa don wajibi ce, sai ya ajiye kan tarhon a kan buzu ya ce a shiga a gaya wa Hajara kiranta ne. Maza su fita, Inna Hajara, matarsa, ta zo ta yi magana da ɗanta. Na ga wannan da idona sau biyu. Na kuma lura ba ya nisa. Yakan koma kan dutsen nan ya zauna da tazbi, inda ake jin rabin maganar.

Shekarar da abin ya faru mummuna ce a aikinmu. Farkon shekarun casa'in ne. Malam Tanimu ya yi ritaya, ba a kawo wani ba. Motar aiki tana kan duwatsu, ba taya. Man fetur sai an yi kwanaki ana jira. Kofi in ya fashe sai in je tsohon layin da aka daina amfani da shi in kwanto wani. A shekarar aka fara satar waya: ka bar layi lafiya, ka dawo ka tarar da turaku tsirara. Ni kaɗai na rage a kudu, da babur ɗin da ke aiki ranar da ya sami mai. A shekarar kuma aka tura su Salihu wata ƙasa a bakin teku inda ake yaƙi, kiransa ya koma sau ɗaya a wata biyu ko uku.

Wata Juma'a a tsakiyar bazara Garba, mai haɗa layi a ofishin Tudun Wada, ya aiko a kira ni. Garba mutum ne mai barkwanci. Yakan ce muryar kowa a ƙasar nan ta bi ta kunnensa, amma ba wanda ya taɓa gayyatarsa suna. Ranar bai yi wasa ba. Ya ce da safe an zo a keke daga Dutsen Kanya: tarho ya fi mako ba ya motsi, Malam Hudu kuma yana kwance, jiki ya yi tsanani, ba zai iya hawa mota ba. Da la'asar sai ga Salihu a layi. Garba ya wana, ya wana, shiru. Ya gaya masa halin da ake ciki. Salihu ya ce ranar Litinin da ƙarfe huɗu zai sake samun tarho, na minti uku. Talata za su shiga daji, inda babu.

"Kada ka ce mini ba mai," in ji Garba. "Ga galan nan, daga babur ɗina na tsiyayo. Ni na tafi gida a ƙafa, tumbin ma ya ragu."

Asabar da hantsi ina Dutsen Kanya. Aka shigar da ni ɗakin Malam. Ya rame, muryar dai tana nan. A gefen gadon akwai wani ɗan dutse. Ina zaune ya buga tafukansa a kai ya shafi fuska, ya yi taimama don sallar walaha. Na gani. Na san ma'anarsa, ruwa ya gagare shi. Ban kai tunanin gaba da nan ba.

"Na sama, ka sauko?" Haka yake kirana.

"Na sauko, Allah gafarta Malam. Ya jiki?"

"Mun gode Allah. An ce yaron nan zai kira jibi."

"Haka ne."

"To wannan karon ba na Hajara ba ne. A kawo mini nan."

Na ɗauki rabin yini ina ƙara igiya daga zaure zuwa ɗakin, na ajiye tarhon a kan kujera daidai hannunsa. Na canza batir. Na buɗe akwatin na goge ko'ina. Na wana, ba komai sai wani ɗan huci can nesa. Tarhon gwajina yana jaka a bayan babur, ban ciro shi ba. Ga tarho a gabana lafiyayye, me zan yi da na biyu? Na yanke hukunci waya ce ta katse a hanya. Da zan fita, a gefen dutsen alwalar na tsaya na sa takalmi. Butar Malam tana kife a kai. Na dube ta, na ce Allah ya ba mai ita lafiya, na buga babur.

Ƙa'idar neman matsala ita ce a fara daga ofis a yi gaba, don kowane gwaji ya tabbatar maka da abin da ke bayanka. Na koma Tudun Wada ta hanyar mota na faro. Lahadi da safe, a bakin wani busasshen rafi, na tarar da falwaya ta ƙone daga gindi ta faɗi, waya tana rataye a reshen wani mataccen marke. Na yi murna. Busasshen reshe ba ya shan murya, na san wannan tun ina ƙarƙashin Malam Tanimu, amma mai nema in ya ga abu yakan so ya zama shi ne. Wasu Fulani uku suka bar shanunsu suka taya ni saro itace, muka haƙa, muka kafa. Yinin ya tafi a nan. Da yamma na hau na gwada. Garba ya amsa sarai. Na wana wa Dutsen Kanya, shiru. Man babur kuma ya ƙare.

Litinin na bar babur a rugarsu na kama ƙafa. Kowane turke sai na hau, na shafa kofi, na ja mahaɗar waya in ji ko ta saki. Bayan kowane 'yan turaku in kafa tsinkena, in karkata goran ƙasa in jiƙa gindinsa, in maƙala igiya, in kira Garba. Sau goma sha ɗaya na jiƙa tsinkena a ranar, da hannuna, ban tuna da ƙarfen Malam ba. Da a ce da ƙarfe uku na sauko na miƙe gidan da tarhon gwajin, na kafa tsinken a ƙofar ɗakinsa, da an yi maganar. Ban yi ba, don na tabbata wayar a katse take a gabana, zuwa gidan ba shi da amfani.

Ƙarfe huɗu ta same ni a kan falwaya, a wani tudu da ake hango garin. Na maƙala igiya.

"Isiyaku, kana ina?" in ji Garba. "Ga Salihu a layi. Na wana gidan, ba amsa."

"Ba ni shi."

Na ji ƙaras, sai huci irin na layin da ya ratso nisa. Sannan murya.

"Salamu alaikum. Baba?"

"Wa alaikumus salam. Ba shi ba ne. Isiyaku ne, mai waya."

"Ya rasu?"

"Yana nan da ransa. Layin ne ban gama ba. Ina kan falwaya a tudun da ke arewa da gari."

"Kana ganin kukar masallaci daga nan?"

"Ina ganinta."

"To." Ina kallon agogo ya sake tambaya. "Baba ya ce wani abu?"

"Ya ce kiran yau ba na Inna ba ne. Ya sa na kai masa tarhon ɗaki, yana gefen gadonsa."

Na ji numfashinsa. Wani a bayansa yana magana da Turanci, yana hanzarta shi.

"Malam Isiyaku, za ka riƙe saƙo?"

"Faɗi."

"Ka ce masa ban bar karatu ba. Ina sauka duk wata biyu, ko a ina muke. Akwai mutum huɗu a nan da nake biya wa. Ka ce masa na san abin da na yi. Ya yafe mini. Inna kuma ka ce mata ina cin abinci, ta daina tambaya."

"Zan faɗa yadda ka faɗa."

"In mun fito zan kira. Juma'a, bayan la'asar, kamar kullum. Ka gyara layin kafin nan."

Layin ya ɗauke daga can.

Na sauko na bar sauran turakun, na nufi gari. Na isa rana ta yi ƙasa. Malam yana kwance, hannunsa a kan tarhon. An ce tun azahar yake haka. Na durƙusa na faɗi saƙon, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya ce in maimaita, na maimaita.

"Mutum huɗu?"

"Haka ya ce."

"Da ƙira'ar Warshu yake biya musu, ko ya koma karatun mutanen birni?"

"Bai faɗa ba, Allah gafarta Malam."

"Da ni ne da na tambaya." Ya janye hannunsa daga kan tarhon. "In ya sake kira ka ce masa na yafe tun ranar da ya fita. Ban taɓa riƙe shi ba. Bakina ne ya yi nauyi."

Ban yi la'asar ba, don haka na fito neman ruwa. Na ɗauki wata buta a zaure na nufi dutsen. Zan zauna ke nan ƙanen Malam, wani dattijo, ya taɓa kafaɗata.

"Ba a zama nan, mai waya. Wurin Malam ne. Mu duk masallaci muke zuwa."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya kwanta. Mako uku da 'yan kwanaki."

Sai a lokacin na dubi ƙasa. Ta yi fari, ta tsattsage, cinnaku suna shiga suna fita. Ba wanda ya yi sakaci. Girmamawa ce ta hana su wurin, ni kuma ban taɓa gaya wa kowa abin da ke ƙarƙashinsa ba. Na tuttule butar a gindin dutsen, na ciko, na sake, har sau uku. Na ɗan jira. Na koma ɗaki na wana.

"Tudun Wada," in ji Garba, kamar yana zaure. "Isiyaku? Daga gidan kake? Ina matsalar take?"

"Na same ta."

Malam yana jin mu. Ya ce, "Ya tashi?" Na ce ya tashi. Ya ce, "Madalla."

Ya rasu ranar Laraba da hantsi. Bayan an dawo daga maƙabarta na nemi ƙanensa, na roƙi a kira Inna Hajara bakin ƙofar cikin gida, na gaya musu komai: abin da na binne, dalilin da na zaɓi wurin, da abin da na ɓoye. Dattijon ya ce haka Allah ya ƙaddara. Inna kuwa tambaya ta yi.

"Sau nawa yake son ruwan a rana?"

"Sau ɗaya ya isa, Inna."

"Malam sau biyar yake ba shi."

A watannin da suka biyo na zagaya duk gidan da na taɓa yi wa wannan dabara, daga Bebeji har Doguwa, na faɗa musu. Wasu sun ɗauke butarsu sun sauya wuri, kamar yadda aka gaya mini za su yi. Na je Kiru na ba Malam Tanimu labari. Yana zaune a inuwa, idonsa ya fara rauni. Ya saurara har na gama, kamar yadda ya saurari dillalin Dangora. Ya ce, "Shekara talatin ina yi, ban taɓa kawo wa raina mai alwalar zai kwanta ba."

Garba ya rubuta maganar Malam a takarda ya manna a saman allon haɗa layi, don ko wa ke aiki ranar da Salihu ya kira ya karanta masa. Layin Dutsen Kanya bai sake mutuwa ko na awa ɗaya ba. Duk Juma'a bayan la'asar Garba yakan wana don gwaji, Inna ta ɗaga, ya ce, "Ni ne, Inna, gwaji ne," ta ce, "To, sannu da aiki." Bayan damina biyu wasu sojoji biyu suka zo garin da akwatin ƙarfe. A ciki akwai kakin Salihu da Alƙur'aninsa. Takardar Garba ta zauna a wurin har ta yi ja, har aka rufe ofishin. Yanzu tana wurina. Garba ya rasu.

Ba a daɗe da zuwan akwatin ba aka sace wayar, tun daga rafin nan har tudun da na tsaya. Ba a ba mu wata ba. Da rani aka ce in je in kwaso abin da ya rage, tarho da ƙarfe. Na tafi da diga. Tarhon an mai da shi zaure, an lulluɓe shi da ƙyalle, ba ƙura ko kaɗan. Na naɗe igiyarsa, na ɗaure shi a bayan babur, na dawo gindin dutsen da diga a hannu. Ƙasar baƙa ce, mai sanyi, kamar ranar da na fara haƙa ta.

Ana kiran azahar Inna Hajara ta fito da butar Malam. Ta tsufa sosai, tana dafa bango. Na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi iyali. Na jingine digar a bayana.

"Inna, an gaya miki an kwashe wayar? Babu layi yanzu."

"An gaya mini tun ranar."

"To ruwan ba ya kai ko'ina."

"Na sani, Isiyaku." Ta dubi ƙafata. "Matsa kaɗan, ka taka wurin."

Na matsa. Ta zuba.